Zango a gandun dajin Yellowstone: abin da mai iyali ya kamata ya sani

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. A Amurka nake zaune, kuma ina so in ɗauki maiɗakina da yaranmu biyu a mota mu je gandun dajin Yellowstone cikin watan Yuli, mu riƙa kwana a tanti. Kwana huɗu za su ishe mu ganin namun daji da ruwan nan mai tsartuwa sama? Yara za su iya wanka a ciki kamar yadda muka yi a Wikki?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Da tambayarka ta ƙarshe zan fara, don ita ce ta tayar mini da hankali. Ko yatsa kada yaro ya tsoma. Ruwan Wikki na Yankari ɗuminsa bai wuce digiri 31 ba, amma maɓuɓɓugan Yellowstone da yawansu tafasa suke yi, kuma sun kashe mutum fiye da 20 tun da aka kafa gandun a 1872. Ƙasar da ke kewaye da su ɓawo ne siriri, ana takawa ya rufta. Shi ya sa aka shimfiɗa hanyoyin katako. Ku bi ta kansu, hannun ƙaramin yaro a cikin naka.

Dalilin zafin shi ne gandun yana zaune a kan wani ƙaton dutse mai aman wuta, wanda ya yi babbar fashewarsa ta ƙarshe shekaru kusan 640,000 da suka wuce. Ruwan sama da na ƙanƙara yana tsuma cikin ƙasa har ya tarar da duwatsu masu zafi. Inda hanyar fitarsa take da maƙogwaro matsattse, nauyin ruwan da ke sama yana danne na ƙasa, ya hana shi tafasa ko da zafinsa ya wuce misali. Da zarar kaɗan ya malalo daga bakin ramin, dannewar ta ragu, sai na ƙasan ya rikiɗe ya zama tururi nan take, ya cillo sauran sama. Irin waɗannan maɓuɓɓuga sun kai 500 a wurin, fiye da rabin na duniya baki ɗaya. Wadda ta fi suna, Old Faithful, tana tashi kusan duk bayan minti 90, tsayin ruwan yakan kai mita 40, kuma ma'aikata na liƙa lokacin da ake sa ran tashinta. Kada ku tsaya a kanta kawai. Ku ƙarasa Grand Prismatic, tafkin nan mai shuɗin tsakiya da gefe ruwan ɗorawa da ja, wanda ƙananan halittu masu rayuwa cikin zafi ne suka rina gefen nasa.

Kwana huɗu sun isa, in kun bi lokaci. Babbar hanyar gandun siffar lamba 8 gare ta, tsawonta kusan kilomita 230, amma tafiya ce ta sannu, don garken ɓauna na iya tare titi. Maɓuɓɓugan ba ruwansu da rana, saboda haka ku bar kallonsu da hantsi zuwa la'asar. Dabbobi kuwa sammako suke so. Kuna idar da sallar asuba ku kama hanyar kwarin Lamar ko na Hayden. A Lamar aka fi ganin kyarkeci, wanda aka dawo da shi gandun a 1995 bayan an ƙarar da shi shekaru da dama. Ku tafi da madubin hangen nesa, in ba haka ba ɗigo kawai za ku hango.

Kowa tsoron beyar yake yi, alhali ɓauna ta fi kowace dabba raunata mutane a can. Za ka gan ta tana kiwo shiru kamar saniyar gida, amma namijin yakan kai kilo 900, kuma gudunsa ya kai kilomita 55 a awa. Doka ta ce a bar mita 23 tsakani da ita, mita 91 da beyar ko kyarkeci. Ni a ganina mai yara ya kalle ta daga cikin mota.

Wurin kafa tanti sai an kama tun watanni kafin tafiya. Zangon Madison ya fi kusa da maɓuɓɓugan, na Canyon kuma da kwarin Hayden. Gandun yana kan tudu mai tsayin mita 2,400, don haka ko a Yuli sanyin dare yana ratsa ƙashi. Ku ɗauki barguna masu kauri da hulunan sanyi. Kada wani abu mai ƙamshi ya kwana a tanti, daga kilishi da tukunyar miya har man goge baki da turaren uwargida. A kulle su a mota ko a akwatin ƙarfen da ke wurin zangon, domin hancin beyar yana jiyo su daga nesa. Ka sayi feshin barkonon korar beyar, ka koyi cire makullinsa tun a gida, kuma ka rataye shi a ƙugu maimakon jefa shi cikin jaka.