Filin Tambaya Da Amsa: Shin Gidan Mari Yana Raba Mutum Da Ƙwaya?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ƙanina ɗan shekara 24 ne, yana tuƙa Adaidaita Sahu. Ya fara shan tiramol ne wai don ya jure zaman tuƙi daga asuba zuwa dare, yanzu kuwa idan bai sha ba ko tashi daga shimfiɗa ba ya iyawa, kuma sau biyu ke nan yana yanke jiki ya faɗi yana jijjiga kamar mai farfaɗiya. Kawunmu ya ce a kai shi gidan mari, mahaifiyarmu kuma ta ce a yi masa aure zai natsu. Wace shawara ya kamata mu bi? Daga wata 'yar'uwa a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah Ya ba shi lafiya, Ya saka miki da alheri bisa wannan kulawa. Shawarata ita ce kada a bi ko ɗaya daga cikin biyun, a kai shi asibiti cikin makon nan, domin jijjigar da kika ambata alama ce ta cewa abin da yake afawa ya wuce abin da ƙwaƙwalwarsa za ta ɗauka, kuma babu wanda ya san ranar da za ta same shi yana riƙe da kan babur da fasinjoji a bayansa.

Tiramol maganin ciwo ne mai ƙarfi, dangi ɗaya da kodin. Wanda hukuma ta amince da shi mai miligiram 50 ne ko 100, kuma likita ba ya bari marar lafiya ya haura miligiram 400 a yini. Wanda ake fasa-ƙwaurinsa ana sayarwa a tasha da lunguna kuwa, ƙwaya ɗaya tana kai 200 ko 225 ko 250, saboda haka mai haɗiye uku da shayin safe ya riga ya zarce iyaka. Idan aka juri sha, ƙwaƙwalwa takan saba, ƙwaya ɗayan da take sa shi jin garau a da sai ta daina yi masa komai, ya koma biyu, ya koma huɗu, har ya kai matsayin da ba don jin daɗi yake sha ba, sai don gudun azabar rashinta: yawan hamma, majina da hawaye, gumi, gudawa, ciwon gaɓoɓi, fargaba da rashin barci. Wannan ne ke hana shi tashi da safe, kuma kiransa malalaci ko ɗan iska ba zai rage masa komai daga ciki ba.

Kada kunya ta sa ku ɓoye shi a ɗaki, domin ba gidanku kaɗai abin ya shiga ba. Rahoton 2018 na binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya nuna cewa mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da kayan maye a Nijeriya cikin shekara guda, miliyan 4.6 daga cikinsu da irin su tiramol, kuma ɗaya cikin kowane mutum huɗu mace ce. Wani aikin ƙarfi ne ya jefa shi, kamar ƙaninki, wani zaman banza da abokai, wani 'yan siyasa ne suka saya masa lokacin kamfe, wata kuma baƙin cikin gidan aure take neman mantawa da kwalbar maganin tari. A watan Mayun 2018 ne gwamnati ta haramta yin maganin tari mai kodin da shigo da shi, amma hana kaya bai warkar da waɗanda suka riga suka kamu ba.

Game da gidan mari, ina roƙon ki tuna wa Kawu cikin ladabi abin da 'yan sanda suka tarar a Rigasa ta Kaduna a watan Satumbar 2019, inda aka fito da mutum sama da 300, da yawansu da sarƙa a ƙafa da tabon duka a gadon baya. Sarƙa tana hana hannu kaiwa ga ƙwaya na ɗan lokaci, amma dalilin da ya sa aka fara sha yana nan daram. Akwai kuma haɗarin da iyaye ba su cika sani ba: wanda aka tsare watanni jikinsa ya sauka daga sabon da ya yi, idan ya fito ya sha adadin da ya saba sha a da, numfashinsa yana iya tsayawa. Aure kuwa amana ce, bai dace a ɗora wa 'yar mutane jinyar da ba a gaya mata ba.

Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Dawanau ta Kano, da Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, akwai kuma sashen ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, kuma hukumar NDLEA tana da cibiyoyin ba da shawara da farfaɗo da masu shaye-shaye. Za a rage masa ƙwayar sannu a hankali ko a ba shi magungunan sauƙaƙa wahalar, wadda takan lafa cikin mako ɗaya zuwa kwana 10, a duba ko akwai ciwon damuwa a ƙarƙashin lamarin. Babban aikin yana bayan sallama: zuwa ganin likita a kan lokaci, sauya majalisa, rage awannin tuƙi, da samun mutum ɗaya a gida da zai iya gaya wa gaskiya ba tare da an yi masa gori ba. Idan ya koma sha, kada a ce asara aka yi, a mayar da shi asibiti kamar yadda ake mayar da mai hawan jini. Addu'a da nasihar malamai suna ƙarfafa shi matuƙa, a haɗa su da magani, kuma mu tuna ita kanta giya mataki-mataki Alƙur'ani ya bi kafin ya haramta ta a Suratul Ma'ida.

Tambaya: Likita, maigidana ya shekara 15 yana shan giya. Duk lokacin da ya tuba ya daina, bayan kwana biyu sai jikinsa ya hau rawa, ya riƙa cewa yana ganin ƙwari a bango. Ko iskokai ne? Daga wata baiwar Allah a Jos.

Amsa: Hajiya, ba iskokai ba ne, jikin da ya daɗe da sabawa da giya ne aka yanke masa ita farat ɗaya. Rawar hannu da gumi sukan fara cikin yinin farko, ruɗewa da gane-gane kuma a kwana na biyu ko na uku, kuma wannan mataki yana iya kisa idan ba a kula ba. Niyyarsa abin yabo ce, sai dai wannan karon ya fara da ganin likita kafin ya daina, a kwantar da shi 'yan kwanaki, a ba shi maganin kwantar da jijiyoyi da sinadarin bitamin B1, a kuma auna lafiyar hantarsa. Idan kin ga idonsa ya yi rawaya, ko cikinsa yana kumbura, ko ya yi aman jini, ki garzaya da shi sashen gaggawa ko da tsakar dare ne.