Amsa ga ɗan uwan da Host ya ɓata wa rai

Ɗan uwa wallahi ina karanta tambayarka ina dariya ina jin haushi duk a lokaci ɗaya, don ciwon da ke damunka na san shi. Ka ce ka shigo wa Paradise Lost, ƙungiyar kiɗan metal ta Ingila, ta albam ɗinsu Gothic da Icon, ka ji sun kwanta maka, ka ce bari ka ci gaba, sai ka faɗa kan albam ɗinsu Host ka ji kamar an kunna maka Depeche Mode, masu kiɗan kibod ɗin nan, har ka koma ka duba ko wata ƙungiya ce mai suna irin nasu. Kuma kana tambaya ko daga nan shi kenan sun lalace ka haƙura da su. Kar ka haƙura. Amma bari in fara amayar da abin da ke raina tukun.

Ni lokacin muna makaranta ne, ba wani Spotify, intanet sai an je kafe an biya kuɗin awa. Draconian Times na fara samu a wani kwafin sidi da duk ya karce, rabin waƙoƙin tsalle suke, amma haka na haddace shi, sai kuma waƙoƙi kaɗan na Gothic da wani ya zuba min a filas. Gothic ɗin nan shi ya hana ni barci, gurnanin mawaƙinsu Nick Holmes da muryar macen nan da ke shigowa daga sama, na ce sai na mallaki na asali. Ana haka wani ɗan ɗakinmu zai je hutu Ingila wajen yayansa, ba zan kira suna ba, na ɗauki kuɗin abincina na ba shi, na rubuta masa sunan albam ɗin a takarda da manyan baƙaƙe don kar a samu matsala, na ci gari da ƙuli har ya dawo. Kuma ka san duk bulok an san ni da abin da suke kira kiɗan aljanu, ni kuma na cika baki na ce ku bari na asalin ya iso ku ji abin da ake kira nauyi.

Mutumin nan ya dawo ya miƙo min Host. Da sitikar ragin farashi a jikin kwalin, bai ma iya ɓamɓare ta ba. Na ce wannan fa? Ya ce ai duk Paradise Lost ne. Ni kuma ban taɓa jin albam ɗin ba, na ce to ai ba za a rasa gurnani ba, yara sun cika ɗaki har da na tsaye a bakin ƙofa, na saka na ƙure murya. So Much Is Lost ta fara. Kibod, ganga mai laushi, Nick yana rera waƙa lafiya lau kamar ba shi ba. Ɗaki ya yi tsit, can wani ya ce to ina aljanun? Shi kuma wanda ya ci min kuɗi shi ya fara tashi yana rawa yana kaɗa kafaɗa, aka bushe da dariya, daga ranar sunana ya koma Disko har muka gama, har yau akwai masu kirana haka a gurup ɗin ajinmu. Canji kuwa ko sisi, da na yi magana ya ce kuɗin jirgin ƙasa zuwa shagon fa? Ba dariyar ce ta fi min ciwo ba, rainin wayon ne, mutum ya san abin da ya yi kuma shi ne a gaba wajen yi maka tsiya. Allah ya isa ban yafe canjin nan ba.

To na wurga sidin ƙasan akwati ya daɗe a can. Abin da ya dawo da ni kansa One Second ne, na 1997, kuma shi ne shawarata ta farko, kai tsallake ka yi. Daga Icon na 1993 zuwa Host na 1999 akwai albam biyu a tsakani, in ka bi su a jere za ka ji ba dare ɗaya suka rikiɗe ba. Tun a Icon ai Nick ya riga ya sauke gurnanin, Draconian Times na 1995 ya ƙara gyaruwa, a One Second kuma fiyano da kibod sun shigo gaba sosai, ka saurari Say Just Words za ka ga inda aka dosa. Host kawai sun ƙarasa abin ne, sun koma kamfanin waƙa na EMI, sun ɗauko Steve Lyon wanda dama ya yi aiki da Depeche Mode ya haɗa musu sauti, to me kake so ya fito? Ga shi a tsakanin nan suka aske dogon gashinsu, wasu masoyan kamar askin ma ya fi ƙona musu rai.

Abin da ni na gano, kuma ina nan a kai duk wanda zai yi musu ya zo, baƙin cikin da ke cikin Gothic bai je ko'ina ba. Greg Mackintosh ne dai ke tsara kiɗan, layukan nan nasa masu kuka da yake ja a gita su ne ya ɗora a kibod da goge, gitar ma tana nan an danne ta ne an sauya mata murya. Ka sa iyafis mai kyau da daddare, ba sifikar waya ba don Allah, mutane na sauraron doom, wato metal mai nauyi da jan ƙafa, a sifikar waya sannan su zo nan suna yanke hukunci, ka ji Nothing Sacred ko waƙar ƙarshe mai sunan albam ɗin, ka faɗa min in wannan kiɗan murna ne. Kar dai ka kunna shi kana jiran inda za a fasa, ba za a fasa ba, jiran ne ke sa ka tsane shi.

Masu cewa kuɗi suka bi kuma, na san za su shigo kwament yanzu, eh albam ɗin ya kai na 4 a Jamus, amma masoyan metal nawa suka juya musu baya a kansa? Ba su kaɗai ba ne ma. My Dying Bride sun yi nasu gwajin a 1998 da 34.788%... Complete, aka yi musu ca, shekara na zagayowa suka koma tsohon salonsu. Katatonia sun bar gurnani a Discouraged Ones, su kam maƙogwaron mawaƙinsu Jonas ne ya ba shi matsala, shi ya sa ma Mikael na Opeth ya yi musu gurnanin Brave Murder Day. Anathema kuwa da suka tafi ba su waiwayo ba, kuma albam ɗinsu Weather Systems ya sa ni hawaye, ba na jin kunyar faɗa.

In nauyi kake nema yau yau, tsallake Believe in Nothing, wannan ko su kansu ba su gamsu da yadda ya fito ba har sai da aka sake haɗa sautinsa a 2018. Ka tafi The Plague Within na 2015, lokacin Nick ya shiga ƙungiyar Bloodbath gurnanin ya dawo masa, Greg kuma ya kafa ƙungiyar Vallenfyre bayan rasuwar mahaifinsa, ka kunna Beneath Broken Earth ka ji yadda take jan ƙafa. Sai Medusa na 2017, Fearless Sky ta buɗe shi, sama da minti 8, ni a wajena ya fi Icon nauyi nesa ba kusa ba. Kuma don ka san ba nadamar Host suke ba, a 2023 Nick da Greg sun fitar da albam mai suna IX a ƙarƙashin sunan Host ɗin dai, yawanci kibod ne. Wannan ka bar shi sai na 1999 ya shige ka tukun, in ba haka ba za ka dawo nan ka zage ni.