Amsa kan dasashin Baba da sukarin da ya ƙi sauka

Assalamu alaikum, 'yan gida. Yaya, na saurari muryarki tun da rana, sai yanzu na taso daga aiki. Kin ce dasashin Baba na zubar da jini in ya yi aswaki, haƙori ɗaya ya fara motsi, sukarinsa ya ƙi sauka duk da yana shan magani, kuma a takardar gwajin jini an ja layi a ƙarƙashin CRP, wato gwajin da ke nuna ko akwai kumburi a jiki. Kina tambaya ko duk abu ɗaya ne. To, akwai alaƙa ƙwarai, kuma na ji daɗi da kika lura.

Kin san yadda muke tsoron gyambo a ƙafar mai ciwon sukari ko? To ciwon dasashi ma gyambo ne, sai dai a ɓoye yake cikin baki, kuma yawanci ba ya zafi sai ya yi nisa. Datti ne ke taruwa a gindin haƙori, ya daskare ya zama kamar dutse, ƙwayoyin cuta su samu wurin zama a tsakanin haƙori da dasashi. Jiki kuma sai ya yi ta yaƙi da su dare da rana. A cikin yaƙin nan yake sako wasu sinadarai a jini, likitoci na kiransu IL-6 da TNF. Su waɗannan suna hana insulin, sinadarin da ke sauke sukari a jini, yin aikinsa yadda ya kamata, sai sukari ya tsaya a jini. Shi IL-6 ɗin kuma shi ke sa hanta ta samar da CRP ɗin da kika gani a takarda.

Ta ɗaya ɓangaren, sukari in ya yi yawa yana raunana garkuwar jiki, rauni ya daɗe bai warke ba, baki ya riƙa bushewa. Sai dasashin ya ƙara lalacewa, ƙashin da ke riƙe da haƙori ya fara zaizayewa. Wannan ya ja wancan, wancan ya ja wannan. An ga haka a fili a binciken da aka yi kan ƙabilar Pima a Arizona ta Amurka, inda ciwon sukari ya yi yawa: masu shi sun fi kamuwa da ciwon dasashi fiye da ninki biyu. Tun 1993 wani masani, Harald Löe, ya sa ciwon dasashi a matsayin matsala ta shida da ciwon sukari ke haddasawa.

Amma Yaya, kada ki ɗora komai a kan CRP. Shi hayaƙi ne, yana nuna akwai wuta, ba ya faɗin ɗakin da ta kama. Zazzaɓin cizon sauro kaɗai yana ɗaga shi sosai, haka ciwon fitsari, haka rauni a ƙafa. Ciwon dasashi kaɗan yake ɗaga shi. In lambar ta yi sama ƙwarai, likitansa ya nemi wani dalilin, a duba masa ƙafafu ma.

Abin da nake roƙo, a kai Baba wajen likitan haƙori a cikin makon nan, a kankare masa dattin har ƙasan dasashi. Binciken da aka tattara a 2022 ya nuna wannan aikin na rage HbA1c, wato gwajin da ke nuna sukarin wata biyu zuwa uku, da kusan 0.4 bayan wata uku zuwa huɗu. Ba zai maye gurbin magani ba, kada ya ajiye ko ƙwaya ɗaya. Ku tafi da magungunansa a nuna wa likitan, kuma ya karya kafin ku fita.

Na san halin Baba, in ya ga jini sai ya daina taɓa wurin. Don Allah ki gaya masa kada ya daina. Buroshi mai laushi da man goge baki, safe da dare, a hankali har bakin dasashi. Aswakinsa ya ci gaba da yi, amma ya tauna kan ya yi laushi tukuna. In kun sa rana ki sanar da ni, in sha Allah zan same ku a can.