Mai Kai Naushi Ba Kan Gado: Yaya Zan Kare Kaina?

Tambaya: Malam, ina aiki a wani shago a Jidda. Idan mutum ya fusata ya taso mini yana wurga hannuwa ta ko'ina, me zan yi?

Amsa: Ɗan'uwa, irin wannan naushin zagayowa yake yi, ƙarfinsa kuma yana can ƙarshen hannu. Wuri mafi haɗari shi ne daidai tsawon hannunsa, don haka ko ka yi nesa sosai, ko ka manne masa.

Sunkuyar da haɓa, ka ɗora tafinka a ƙeya, gwiwar hannu na kallon gaba, naushin ya sauka a damtse. Kafaɗarsa za ka kalla, ita ke fara motsi. Kada ka ja da baya a miƙe, ya fi ka sauri, ga jallabiya da silifas za su harɗe ka. Goce gefe. Faɗuwa kai ya bugi tayil ko kwalta ta sha fin naushin illa.

In wuri ya ƙure, shiga jikinsa bayan naushi ya wuce, ka rungume hannayensa biyu sama da gwiwar hannu, kanka manne da kafaɗarsa. Mai irin wannan faɗan ba ya daɗewa numfashinsa ke ƙarewa. Ture shi ka fice.

Amma in hannunsa ɗaya na ɓoye, ka ɗauka wuƙa ce, kada ka rungume. Gudu, ka kira lambar agajin gaggawa ta 911. Ramuwa kuwa na iya kai ku duka biyu hannun 'yan sanda. Wanda aka buga a kai ya fara amai ko jiri, a kira motar asibiti ta 997.