Kayan Aldi da Lidl masu arha suna da inganci kuwa?

'Yar'uwa, kin ce ba ki daɗe da zuwa Ingila ba, kuɗin cefane na neman fin ƙarfinki, kuma kina tsoron kayan Aldi da Lidl saboda arharsu ta yi yawa. Ki kwantar da hankalinki. Shagunan nan biyu na Jamus ne, Aldi ya shigo Ingila a 1990, Lidl kuma a 1994. Yawancin abin da ke kan kantocinsu da sunan shagon ake yin sa, ba a kashe masa kuɗin talla sosai, kuma nau'in kaya kaɗan suke ajiyewa. Daga nan sauƙin yake fitowa. Dokar tsaftar abinci ɗaya ce a kan kowa.

Taliya, fulawa, sukari, madara, ƙwai, tumatirin gwangwani da man girki, duk ki saya a can ba fargaba. Amma kada farashin da aka rubuta da manyan lambobi ya ruɗe ki. Ki duba ƙananan rubutun da ke ƙasansa, inda aka sa kuɗin gram 100 ko na kilo ɗaya. Shi ne zai nuna miki wanne ya fi arha da gaske.

Abin da nake so ki kula da shi sosai shi ne halal. Ki juya bayan leda ki karanta, musamman alawar yara da wasu kayan zaƙi, domin akan sa musu gelatin na alade, wato sinadarin da ke sa su yin danƙo. Nama kuwa gara wajen mahauci Musulmi. Shinkafa ma babban buhu a shagunan 'yan Pakistan yakan fi sauƙi, in kina da wurin ajiya.