Na haɗa antibodi da enzayim, amma launi ya ƙi fitowa

Tambaya: Malam, ɗalibar kimiyyar gwaje-gwajen asibiti ce ni, ina zaune a Agege. Na liƙa wa antibodi (furotin mai kama abin da ake nema a nama) enzayim ɗin HRP, wanda ke fito da launi a inda antibodin ya kama, na zuba masa sodiyam azayid don kada ya lalace, na sa a firji. Da na rina yankan nama a kan gilashi, ko ɗigon launi ban gani ba. Ina na kuskure?

Amsa: Ƙanwata, a azayid ɗin nan kika yi tuntuɓe. Yana hana ƙwayoyin cuta tsiro a ruwan antibodi, shi ya sa hannu ya saba da shi, amma yana kama ƙarfen da ke tsakiyar HRP ya hana shi aiki. Ga antibodi ya kama inda ya dace, ga enzayim ba ya motsi.

Kafin ki sake ɓata wani gilashin, ɗiga kaɗan daga abin da kika haɗa a ƙaramar kwalba, ki ƙara DAB, sinadarin da HRP ke mayarwa launi, da haidurojin feroksaid. In enzayim na da rai, nan take ruwan zai juye ruwan ƙasa. In ya tsaya garau, kin sami amsarki. Ki sa safar hannu, don ana zargin DAB da jawo kansa.

In za ki sake haɗawa, hanyar feriyodet da Nakane da Kawaoi suka bayyana a 1974 ita na fi yarda da ita. Jikin HRP na ɗauke da sukari. Sodiyam feriyodet zai mayar da sukarin nan aldehaid, sai aldehaid ya kama rukunin amin na antibodi a bafar kabonet (ruwan da ke daidaita tsami) mai pH 9.5, sannan a ƙulle haɗin da sodiyam borohaidiraid. Abin da ake yawan mantawa shi ne a fara wanke antibodin da dayalisis, wato tace ƙananan sinadarai daga ruwansa. In yana cikin bafar Tiris, ko an gauraya shi da furotin ɗin BSA (wanda dayalisis ba ya cirewa), su ma amin gare su, za su riga antibodinki kama enzayim ɗin, wahalarki ta tashi a banza.

Sai ajiya. A Legas, da zafin nan da yawan ɗauke wuta, firji kaɗai bai isa a dogara da shi ba. Ki gauraya haɗin da gilisarol rabi da rabi don kada ya daskare, ki raba a ƙananan kwalabe, ki ajiye a firiza mai -20°C, don daskarewa da narkewa a kai a kai yana cinye ƙarfinsa. Kuma ranar rini, ki fara jiƙa yankan da haidurojin feroksaid kashi 3 cikin ɗari, domin jajayen ƙwayoyin jini suna da nasu aikin irin na HRP, za su ba ki launin ƙarya.