Hukuncin jagorantar wasan Dungeons & Dragons

Tambaya: Malam, ina karatu a Ingila. Ni da abokaina muna zama a tebur muna wasan Dungeons & Dragons, ni ne jagora: ni nake tsara labarin, in yi muryar sarakuna da dodanni, su kuma kowa ya ɗauki jarumi ɗaya. Ana jefa ɗan lido mai fuska 20 don a ga ko abin da jarumi ya yi niyya ya yiwu. Ba ma sa kuɗi. Ya halatta?

Amsa: Bismillahir Rahmanir Rahim. Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka tambaya. Wannan wasa Gary Gygax da Dave Arneson suka fito da shi a Amurka a 1974, saboda haka babu nassi a kansa da sunansa, sai a dubi abin da ya ƙunsa.

Ƙirƙirar labari ba ƙarya ba ce matuƙar masu sauraro sun san ƙirƙira ce. Malamanmu sun daɗe suna karantar da Muƙamatul Hariri a zaure, alhali kowa ya san labaran Abu Zaid, gwarzon littafin, ƙagaggu ne. Nan babu laifi.

Inda maganar take da nauyi shi ne ɗan lido, domin da jefa irinsa ake yin tsohon wasan nan da ake kira nardu. Imam Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa daga Abu Musal Ash'ari cewa Annabi (SAW) ya ce wanda ya yi wasan nardu ya saɓa wa Allah da ManzonSa. A Sahihu Muslim kuma, hadisin Buraida ya kamanta shi da wanda ya tsoma hannu cikin naman alade da jininsa. Hadisan ba su ambaci kuɗi ba, shi ya sa jamhurin malamai suka hana nardu ko babu caca, haka ma Ibn Abi Zaid ya faɗa a Risala. Wasu malamai suna ganin hanin ya tsaya ga wasan nardu kansa, ko ga inda caca ta shiga. Saɓanin na nan, ban kuma ce wanda ya bi su ya ɓata ba. Amma abin da ya fi rinjaye a wurina shi ne hanin ya shafi duk wasan da aka ɗora shi a kan jefa wannan abu, don haka ka bar shi. Akwai tsarin da ake ba kowane ɗan wasa maki ya kashe su yadda ya ga dama, jagora ya yanke hukunci. Ku koma wannan.

Sai maganar alloli da sihiri. Littattafan wasan suna da jaruman da ke bauta wa alloli barkatai suna samun ƙarfi daga gare su. A nan nauyin yana wuyanka fiye da na abokanka, domin kai ke gina duniyar labarin, dokokin wasan ma sun ba ka ikon sauya ta. Kada bakinka ya furta roƙon wanin Allah ko rantsuwa da shi da sunan "jarumi ne yake magana". Waɗanda suka ce "hira kawai muke yi da wasa" a Suratut Tauba, aya ta 65, ba a karɓi uzurinsu ba. Matsafi zai iya fitowa a matsayin abokin gaba da ake yaƙa, amma ban da karanta ɗalasimai ko ƙawata tsafi.

Idan ka gyara waɗannan biyun, wasan ya zama halal, da sharaɗin kada zaman ya cinye lokacin salla ko karatun da aka tura ka yi.

Wallahu a'alam.